Turai Ta Yi Nisa, Maraɗi Tana Kusa

Da wuya a tashi taron bita kan ƙananan sana'o'i a Kaduna ba tare da wani mai kwat ya miƙe ya ce mafita ita ce kai kaya Turai da Amurka a kwaso dala ba. Zancen akwai daɗin ji. Amma ga mai walda ko tela a unguwar Makera, ɗora wa kai ne kayan da wuya ba zai ɗauka ba. Ƙasashen wajen da ƙofarsu ke buɗe gare shi su ne Nijar da Chadi da Kamaru, kuma wannan cinikin ne hukuma ta fi yi wa riƙon sakainar kashi.

A duba abin da Turai ke nema. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda maganin ƙwari ya yi yawa a jikinsa. Kafin kaya su taka can sai an gwada su, an haɗa takardun shaida, an biya kuɗin jirgin ruwa, sannan a zauna jiran kuɗi wata da watanni. Tashar tsandauri ta Kakuri, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2018, ga ta nan a bakin Makera, sai dai an gina ta ne don mai cika kwantena. Mutumin da ke ƙera injin markaɗe a rumfar kwano, rabin yini yana zaune kan benci yana jiran a kawo wuta, yaushe zai cika ta? Shi kuwa mai saye a Maraɗi Hausa yake ji, irin injin da ake so ke nan a gidansa, in ya lalace akwai mai gyara a unguwa. Ba sabon abu ba ne ma. Kakanninmu fatake sun kai kanwa da baƙi Gwanja sun dawo da goro, atamfar masaƙar UNTL ta Kakuri kuma, kafin a rufe ta a 2007, ta ci kasuwa a maƙwabta.

Za a ce ai sefa ba dala ba ce. Haka ne, amma sefa a ɗaure take da yuro, shi ya sa ba ta zubewa kamar naira. Wanda aka biya da ita ya san abin da ya riƙe.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne yawancin wannan ciniki ta bayan fage yake bi, ba haraji, ba lissafi. Gaskiya ne, amma wa ya kora shi daji? Nijeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Yamai a Yulin 2019, wata na zagayowa ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar a 2023 aka sake garƙame iyakarmu da ita har Maris na 2024. Ɗan kasuwar da ya ba da kaya bashi a Maraɗi ya wayi gari bai isa ya je karɓa ba. Ko iyakar a buɗe take, daga Kaduna zuwa Jibiya sai direba ya yi ta sauke gilashi a shingaye, kuma kowane tsayawa a kan kuɗin injin yake hawa.