Kafin mu zuba jari a injin jirgin ruwa

Yau zancenmu na bakin kogi ne. Wani zai ce mi ya haɗa mai rumfa a Katako ko mai tire a Wadata da injin jirgin ruwa? Abin da ya haɗa mu yana da yawa. Kabewar da ake saukewa tuli-tuli a bakin kogin Isa, da kifin da muke sara da sassafe, da tukwanen Bubon, da yawansu a jirgi suke iso Yamai. Ban da wannan, sau da yawa kuɗin injin daga hannunmu yake fita: mace ta kwashi adashinta ta ba miji ko ɗa, ɗan kasuwa ya saya wa masunci bisa sharaɗin a riƙa kawo masa kifi. In injin ya mutu, jarinmu ne ya mutu.

Gadoji uku ne a Yamai yanzu: ta Kennedy tun 1970, ta biyu a 2011, ta Janar Seyni Kountché a 2021. Duk da haka ƙauyukan bakin ruwa da na tsibirai jirgi ne motarsu. Mun kuma ga abin da ya faru bayan rufe iyaka a 2023, yadda mutane da kaya suka koma tsallakawa a jirage tsakanin Gaya da Malanville. Don haka masu neman inji suka ƙaru, masu tallarsa su ma suka ƙaru, kowa yana yabon nasa.

Sunayen da za a kira muku sanannu ne. Akwai Yamaha da Suzuki da Tohatsu da Honda na ƙasar Japan, akwai Mercury na Amurka, akwai Parsun da Hidea na ƙasar Sin. Dukansu kamfanoni ne na gaske, kuma dukansu suna tura jirgi ranar da aka fiddo su daga kwali. Ra'ayinmu shi ne, kada suna ya zama farkon abin da za ku tambaya. Ku fara da tambaya uku: in ya lalace wa zai gyara, ina kayan gyaransa, kuma lita nawa yake sha?

Mu ɗauki ta farko da ta biyu tare. Kogin namu ba teku ba ne. Yashi ya cike shi, ga kainuwa da ke naɗe farfela. Daga watan Afrilu zuwa Yuni ruwa yakan ja baya ƙwarai, har a Yunin 1985 sai da kogin ya daina gudu a Yamai. Injin jirgi da ruwan kogi yake sanyaya kansa; akwai wata ƴar roba a ƙafarsa da ke jawo ruwan, kuma yashi ne babban abokin gabarta. Idan ta cinye, injin ya yi zafi ya ƙone. Ita wannan roba da farfela da buji su ne abincin yau da kullum. Saboda haka kafin ku biya ko dala, ku tafi wurin masu kayan gyara ku ce a nuna muku waɗannan ukun na injin da kuke so. In an ce sai an aiko daga Kwatano ko Legas, to ku lissafa kwanakin da jirgin zai yi a ɗaure, kifi na wucewa hannun wasu.

A kan wannan ma'auni ne Yamaha samfurin Enduro ya yi wa sauran nisa a kogunan Afirka ta Yamma. Inji ne da aka ƙera don aikin wahala, ba shi da tarkacen lantarki, makanikai sun san cikinsa, kuma ranar da kuka so sayarwa za ku samu mai saye. Wannan ba ya nufin sauran ba su da kyau. Tohatsu ya riga Yamaha fara ƙera irin wannan inji, shi a 1956, Yamaha a 1960. Amma inji mai kyau da babu mai gyaransa a garinku baƙo ne marar masauki. Ku tuna da Evinrude, wanda ya yi sama da shekara 100 ana yayinsa, aka daina ƙera shi a 2020. Wanda aka kawo wa tsohonsa daga Turai da araha, sai ya yi tunanin inda zai samu kayansa gobe.

Na ƙasar Sin fa? Kuɗinsu ya fi sauƙi, kuma wasunsu an ƙera su ne bisa fasalin Yamaha, har wasu kayan gyaran sukan shiga juna. Ga ƙaramin jirgin da ke tsallaka kogi sau biyu a yini, ba mu ga laifinsu ba, muddin makanikenku ya duba ya ce yana iyawa. Ga jirgin da zai yi doguwar tafiya da lodi da rayukan mutane, mu dai muna cewa araha ba ta ado. Abin da ya fi muni shi ne a manna wa inji sunan da ba nasa ba a karɓi kuɗin na asali. Ku duba lambar da ke jikin ƙarfen da ake maƙala shi, ku tabbata ita ce a takardar saye.

Sai ta uku, wato mai. Inji iri biyu ne. Akwai wanda ake gauraya masa man inji cikin isansi, galibi rabin lita a tanki mai lita 25, akwai kuma wanda man injinsa ke zaune daban kamar na mota. Honda irin na biyun kaɗai yake yi. Na farko ya fi sauƙin kuɗi da nauyi da gyara, amma mashayi ne. Mai doki 40 in an sake masa wuta duka yana iya shan wajen lita 20 a awa guda. A farashin sefa 499 da aka tsayar wa lita a 2024, kusan jika goma ke nan a awa, ban da man gauraye. Na biyun ya fi tsada ranar saye, ya fi tsimin mai, sai dai ba ya jure gurɓataccen mai kuma ba kowane makanike ke taɓa shi ba. Da can ana dogara da man bakin hanya mai araha daga Najeriya. Tun da aka cire tallafi a can a 2023 wannan lissafin ya rushe, kuma ba mu manta da layukan gidajen mai na Maris 2025 ba. Wanda jirginsa ke aiki kullum ya zauna ya yi lissafin man shekara guda kafin ya zaɓa.

Akwai kuma kuskuren sayen doki da yawa don alfahari. Ƙaramin jirgin su yana tafiya lafiya da mai doki 8 ko 15. In aka ɗora masa 40, mai ya tafi a banza, katakon baya ya sha wahala, matuƙi kuma ya fara jin zai iya ɗaukar abin da ya fi ƙarfin jirgin. Ƙarfin inji ba ya ƙara wa jirgi faɗi. A Satumban 2017 wani jirgi da ya taso daga yankin Gaya da ƴan kasuwa zuwa kasuwar Lolo a jihar Kebbi ya kife, mutum fiye da 30 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Irinmu ne, kasuwa suka nufa.

Saboda haka muna kira ga mata masu adashi da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda tun 1991 suka nuna wa duniya daga Maradi yadda ake tattalin kuɗi: in kuɗinku ne zai sayi inji, kuna da bakin magana. Ku je da makanike, a tada injin cikin ruwa a gabanku, ku ga ruwan sanyaya yana fita da ƙarfi. Ku sa a rubuta takarda da sunan mai kuɗin. Ku ware wani abu na roba da buji da farfela ta biyu, da rigunan ceto, kuma kada a bar filafili a gida don an samu inji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa, Ya sa albarka a kasuwa, amin.