Amana Ita Ce Makamin Ɗan Sanda: Darasi Daga Greensboro

Ɗan sanda, komai ƙwarewarsa da yawan kayan aikinsa, bai san gaibu ba. Idan aka fasa kanti cikin dare, ko aka harbi wani a bakin titi, sai bayan mai aukuwa ta auku yake isowa. Abin da zai kai shi ga mai laifi yana bakin mutanen da suka gani ko suka ji. In sun yi magana, bincike ya ci gaba. In kuwa sun ja bakinsu sun tsuke, sai a rufe fayil, mai laifi ya ci bulus. Saboda haka babban jarin hukumar tsaro shi ne yardar mutanen gari. Birnin Greensboro da ke Jihar Karolina ta Arewa a Amurka ya ga yadda ake zubar da wannan jari, ya kuma ga yadda ake tara shi.

Greensboro birni ne mai mutane kusan 300,000 bisa ƙidayar 2020. A nan ne, ranar 1 ga Fabrairu 1960, ɗalibai huɗu baƙar fata suka zauna a wurin cin abinci na kantin Woolworth da aka keɓe wa farar fata, suka ƙi tashi. Daga baya birnin ya zama masaukin baƙi daga Meziko da Biyetnam da Sudan da sauransu, yana kuma cikin garuruwan Amurka da suka fi tara 'yan Nijar, Zabarmawa da Hausawa.

Tsakanin 'yan sandan birnin da baƙar fatarsa akwai tsohon miki. Ranar 3 ga Nuwamba 1979, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan mai aƙidar fifita farar fata, tare da 'yan Nazi, suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a unguwar Morningside Homes, suka kashe mutum 5. 'Yan sanda suna da mai kai musu rahoto a cikin ƙungiyar, sun san ayarin yana tafe, amma ba su wurin a lokacin da aka fara harbi. Kotu ta wanke waɗanda aka tuhuma a 1980, ta sake wanke su a 1984. A 2006 wani kwamitin gaskiya da sasantawa da jama'ar gari suka kafa ya gano cewa rashin 'yan sanda a wurin shi ne babban abin da ya sa aka zubar da jini. Sai a watan Oktoba 2020, bayan shekara 41, majalisar birnin ta nemi gafara a hukumance kan rawar da 'yan sandanta suka taka.

Ba tsohon tarihi kaɗai ba ne. A watan Oktoba 2015 jaridar New York Times ta bi alkaluman tsayar da motoci a Greensboro, ta nuna cewa ana binciken baƙar fata da motocinsu fiye da ninki biyu na farar fata, alhali an fi samun haramtattun kaya a hannun farar fatar da aka bincika. Wata guda bayan haka shugaban 'yan sandan birnin, Wayne Scott, ya ba da umarnin dakatar da tsayar da direbobi saboda ƙananan matsaloli irin su mutuwar fitila. Wanda ake tsayarwa kullum ba gaira ba dalili, da wuya ya kai kansa caji ofis don ya ba da shaida.

Tsoron baƙo kuma daban ne. Wanda ba shi da katin shaida na jiha, ko don takardunsa ba su cika ba, ko don bai daɗe da zuwa ba, yana jin cewa in ya kira 'yan sanda tambayar farko ita ce, "Ina shaidarka?" Ɓarayi sun san haka. Sun san irin wannan mutum sau da yawa ba shi da asusun banki, kuɗinsa na aljihunsa, kuma in an yi masa fashi zai haɗiye. Matar da mijinta ke duka ita ma sai ta yi shiru. Ashe shirun baƙo kasuwa ce ga mugu, kuma mugun da ya saba cin banza a gidan baƙo ba zai tsaya nan ba.

A 2013 wata ƙungiyar agaji mai suna FaithAction International House ta haɗa hannu da 'yan sandan Greensboro, ta fara ba da katin shaida nata na kanta. Mai nema yakan kawo fasfo ko katin ƙasarsa, da takardar da ke nuna adireshinsa, ya biya kuɗin katin, wanda a farkon shirin dala 10 ne. Kafin a ɗauki hotonsa sai ya zauna a taro, galibi a zauren wani wurin ibada, inda jami'an 'yan sanda da tafintoci ke amsa tambayoyin jama'a. Katin ba lasin tuƙi ba ne, ba ya ba da izinin zama a ƙasa ko damar zaɓe. Amfaninsa ɗaya ne: ɗan sanda ya san da wa yake magana. Wasu garuruwan jihar, har ma da na wasu jihohi, sun kwaikwayi tsarin.

Bahaushe ba zai ga wannan a matsayin sabon abu ba. A ƙasar Hausa baƙo in ya sauka, mai masaukinsa yakan kai shi ya gaida mai unguwa. A zangunan fatake kuwa, daga Sabo ta Ibadan har Kumasi, maigida shi ke tsaya wa baƙon ɗan kasuwa, ya san asalinsa, ya lamunce masa. Ƙungiyar FaithAction aikin mai masauki ta yi. Hikimar shirin ma ta fi yawa a cikin zaman da ake yi kafin a karɓi kati, domin ranar ce wasu ke fara yin magana da mai kaki ba tare da gabansu na faɗuwa ba.

Shirin yana da masu suka, kuma hujjarsu ta cancanci amsa. Suna cewa katin da ba gwamnati ta bayar ba yana iya zama mafaka ga wanda ya karya dokar shige da fice. A watan Oktoba 2015 Gwamna Pat McCrory ya sa hannu a kan dokar da ta hana ma'aikatan gwamnati karɓar irin wannan kati, amma aka yi wa 'yan sanda togaciya, aka bar su su dube shi idan mutum ba shi da wata shaida. Wannan togaciya ita kanta amsa ce. Ɗan sandan da ya tsayar da mutum marar shaida yakan rasa sa'o'i wajen kai shi ofis don a gano ko wane ne. Katin bai ɓoye kowa ba. Suna da hoto da adireshi ya ba wanda da ba a san shi ba. A watan Nuwamba 2024 majalisar jihar ta kafa dokar da ta tilasta wa masu kula da gidajen wakafi na gundumomi ba jami'an shige da fice haɗin kai, abin da ya ƙara wa aikin kwantar da hankalin baƙi nauyi.

Sai dai kada a ɗauki haɗin gwiwa kamar laya. An kashe mutum 41 a Greensboro a 2022, adadin ya haura zuwa 74 a 2023, sannan ya sauko zuwa 43 a 2024. Shirye-shiryen haɗin gwiwa suna nan a shekarar hauhawa, suna nan a shekarar sauka. Yawan bindigogi a hannun jama'a, da talauci, da rikicin cikin gida, da ƙarancin ma'aikata duk suna da hannu. Wanda ya ɗauki alkaluman shekara guda ya ce shiri ya ci nasara ko ya faɗi, ya yi gaggawa.

Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne: mutum nawa suka kai ƙara da kansu, shaidu nawa suka yarda suka tsaya gaban alƙali, kisa nawa aka gano wanda ya aikata. Ya kamata hukumar birni ta riƙa bayyana waɗannan alkaluma unguwa-unguwa, ta kuma riƙa amsa laifin jami'anta cikin watanni maimakon shekara 41. Shugabannin al'ummun baƙi, limamai da fastoci da shugabannin ƙungiyoyin 'yan ƙasa, su ma da nasu nauyi: su san jami'in da ke kula da unguwarsu tun ana zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.