A Ba Unguwannin Masana'antu Lasisin Rediyonsu

Tun a 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya shelanta cewa an sakar wa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, mara ta riƙa ba da lasisin rediyon al'umma, ba sai takarda ta kwana a fadar shugaban ƙasa ba. Sai a 2015, yana haramar barin mulki, aka amince da guda 17 kacal, a ƙasar da ke da ƙananan hukumomi 774. An sauya gwamnati sau biyu tun daga lokacin, amma har yau mutanen Dakata, Kawaji, Gama da Tudun Murtala, maƙwabtan masana'antun Bompai a Kano, ba su da tashar da za su kira tasu. Mun gaji da jiran gawon shanu. A ba su lasisi.

Masu cewa ai Kano ta ƙoshi da gidajen rediyo sun manta da wanda ke biyan kuɗin iskar. Gaskiya ne Freedom Radio tana nan a Sharaɗa tun 2003, wasu da dama kuma sun biyo sahunta. To amma tashar kasuwa da talla take rayuwa, kuma mai sayen fili shi ke da bakin magana. Manomin rani da ke ban ruwa da dagwalon da ke gangarowa rafin Getsi ya faɗa Jakara, da leburan da aka sallama ba sisi, da mazauna Panshekara da ke shaƙar warin majemun Challawa, babu mai kuɗin sayen minti goma a cikinsu. Ƙaramar tasha mai gajeren zango, mallakar unguwa, wadda kwamitin jama'a ke gudanarwa ba don riba ba, ita ce za ta riƙa bibiyar kwata ɗaya da taransifoma ɗaya kullum har sai an gyara.

Mun san hujjar tsaro da ake kawowa, ana tuna abin da ya kai ga dakatar da Wazobia FM a 2013 kan batun rigakafin shan inna. Wannan tashar kasuwa ce, kuma lasisin da ke hannunta shi ya ba hukuma damar ladabtar da ita. Jita-jitar da ba ta da linzami a WhatsApp da TikTok take yawo. Jamhuriyar Nijar, da ba ta fi mu zaman lafiya ko arziki ba, ta fara rediyon al'umma da tashar garin Bankilare a 1999, yau tana da irin waɗannan tashoshi fiye da 100.

Abin takaici, NBC ba ta nawa idan maganar kuɗi ce. A 2022 ta yi shelar soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi, kuma sai da Babbar Kotun Tarayya ta taka mata burki a 2023 kan tarar da take ɗora wa tashoshi. Abuja da ta zuba ido masaƙun Kano suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya bai kamata ta kuma hana 'ya'yan ma'aikatansu wurin faɗar damuwarsu ba.

Buƙatarmu a fili take. NBC ta wallafa sunayen al'ummomin da suka nemi lasisi da ranar da za ta amsa musu, ta sanya kuɗin da ƙungiyar unguwa za ta iya haɗawa. 'Yan majalisar tarayya na mazaɓun Nasarawa, Kumbotso da Birni a Kano su sa gyaran dokar NBC ta 1992 a gaba, domin alƙawarin bakin da aka yi a 2010 ya zama rubutacciyar doka. A ba Bompai, Sharaɗa da Challawa lasisin rediyonsu.