Kwamfutar Cinya Ta Gaji Rediyo Mai Hoto

Dattawan zango za su tuna zamanin kaset, lokacin da gida guda mai bidiyo yakan tara yaran layi kaf, wasu a kan tabarma, wasu suna leƙe ta taga. Daga baya faifan sidi ya kori kaset. Yanzu kuwa kowa ya duƙufa a kan wayarsa, akwatin talabijin yana ta surutu da Turanci ko Tuwi, ba mai kula shi. Abin da ya dame mu shi ne, a nan Gana tashoshinmu ba su ba Hausa wani lokaci mai yawa, ga shi kuma yaranmu sun daina zama tare da manya su ji ta. To, a wannan wata muna so mu nuna yadda tsohuwar kwamfutar cinya, wadda aka jefa ƙarƙashin gado don ta yi nauyi, za ta iya mayar da iyali gaban akwati guda.

Da fari a duba gefen kwamfutar da bayan talabijin. In duka biyun suna da kafar HDMI, aiki ya ƙare, domin waya guda ce take ɗaukar hoto da murya gaba ɗaya. A sa ta, a ɗauki rimot a juya zuwa lambar kafar da aka sa, sannan a danna maɓallin Windows tare da harafin P, a zaɓi ko hoton ya fito a fuska biyu ko a talabijin kaɗai. In kuwa kwamfutar mai kafar VGA ce, watau shuɗiyar nan mai ramuka 15, to a sani hoto kawai take bayarwa. Mun sha ganin mutum ya koma wurin mai shago yana faɗa, wai an sayar masa da waya bebiya, alhali kuwa haka aka yi ta. Sai an ƙara siririyar waya daga kafar abin sauraro zuwa talabijin ko lasifika. Masu tsohon akwati mai ƙusumbi, mai kafa ja da fara da rawaya, sai sun nemi ɗan akwatin da ke juya HDMI zuwa waɗannan ukun, amma kada su sa ran rubutu zai fito tangaram.

Manhajar kallo ba sai an biya ba. VLC, wadda ɗalibai suka fara a Faransa, kyauta ce, kuma da wuya a ba ta fim ta ƙi buɗewa. Mai son tsari sai ya sa Kodi, wadda aka sani da XBMC kafin 2014. Ita takan jera fina-finai da karatu da hotunan biki da manyan haruffa, yadda Hajiya za ta gani daga kujerarta.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne data. Kamfanin Netflix da kansa ya ce kallon awa guda yakan ci kusan gigabait 1 a hoto na yau da kullum, ya kai 3 in an ce sai mai kyau sosai. Saboda haka shawararmu ita ce a rage ƙarfin hoton YouTube zuwa 480, wanda ya wadatar ga tafsiri da labarai da shiri irin su Daɗin Kowa na Arewa24. Abin da masu shi suka yarda a sauke, a sauke shi sau ɗaya a ajiye. Ba mu ce a je wurin masu tura fim na sata ba. 'Yan wasan nan su ma suna da bakunan ciyarwa, kuma ta irin waɗannan filasha ne ƙwayar cuta ke shiga kwamfuta.

Sai a kiyaye zafi. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, kada kuma a lulluɓe ta da ƙyallen ado kamar yadda iyayenmu mata ke yi wa talabijin, domin ta ƙasa da gefe take numfashi. In ana so a rufe murfin, a shiga saitin wuta a hana ta barci, in ba haka ba hoto zai ɗauke. Ran da aka yi dumso, batirinta zai riƙe ta, amma talabijin ba shi da wannan gata, don haka a cire su daga soket har wuta ta daidaita.

Abu na ƙarshe: Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na kowa da kowa a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Tsohuwar kwamfutar da ta tsaya a kansa za ta ci gaba da nuna fim, amma kada a shiga asusun banki da ita. A buɗe wa yara nasu sashen daban, mabuɗin sirri kuma ya zauna a hannun maigida ko uwargida.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.