Gashin ƙashi a Nijar: wa zai ɗauki nauyi bayan tafiyar CICR?

A watan Fabrairun 2025 hukumomin Nijar suka umarci ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta ƙasa da ƙasa, wato CICR, da ta rufe ofisoshinta. Daga baya an zarge ta da hulɗa da ƴan bindiga, ita kuma ta musanta. An yi ta muhawara kan siyasar lamarin, amma ba a cika maganar masu jinya ba. Kafin tafiyarta, CICR ta kasance cikin masu tallafa wa sashen ƙafar roba da gashin ƙashi na babban asibitin ƙasa na Yamai, inda waɗanda suka rasa ƙafa ke sake koyon tafiya.

Aikin gashin ƙashi, wanda a nan aka fi sani da kine, ya wuce tausa. Idan lokotoro ya gama tiyata, ma'aikacin kine ne ke hana gaɓa sandarewa, ya ƙarfafa naman jikin da ya saki, ya koya wa mai shanyewar ɓarin jiki zama da tsayuwa da kai loma baki. Ɗan kabu-kabun da ya karye a cinya, sojan da ya taka nakiya, yaron da ya ƙone har fata ta tattare masa hannu, duk wannan ƙofar suke bi. Kuma aikin na da lokaci. Gwiwar da aka bari makonni ba motsi, da wuya ta sake lanƙwasuwa kamar da.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Alƙaluman da hukumar lafiya ta duniya OMS ta dogara da su sun nuna cewa a 2019 kimanin mutum biliyan 2.4 ne ke da larurar da irin wannan kulawa za ta amfana, wato mutum ɗaya cikin uku. A watan Mayun 2023 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin da ke neman ƙasashe su saka ta cikin tsarin lafiyarsu tun daga ƙananan asibitoci.

To a nan gizo ke saƙa. Ƙwararrun kine sun taru a manyan birane. Mutumin karkara da aka ce ya riƙa dawowa sau biyu ko uku a mako, da kuɗin mota zai ji ko da na masauki? Yawanci sai ya haƙura ya koma wajen mai ɗori. Rage kuɗin jinya da rabi da gwamnati ta yi a asibitocinta a 2024 ya kawo sauƙi, amma bai kusanto da ma'aikaci inda babu shi ba.

Ƙasa na da ikon zaɓar wanda zai yi aiki a cikinta. Sai dai wanda ya sallami mai tallafi, shi ya kamata ya cike gurbin. Ke nan a ware kuɗi a kasafin ma'aikatar lafiya don kayan ƙafar roba, a ɗauki matasan da suka karanci kine aiki, a tura su asibitocin gundumomi, a kuma koya wa ma'aikatan CSI motsa jiki mai sauƙi da za su nuna wa dangin mara lafiya. Magidancin da aka ceto ransa amma ya kasa komawa gona, iyalinsa ne za su biya sauran kuɗin, shekara da shekaru.