In Maigida Ya Kawo Tsohon Inji Gida

Akwai magidantan da ba su da abin sha'awa kamar tara tsofaffin injunan kafinta da na ƙira. Daga Panteka ta Kaduna, sai ki ga an sauke ƙaton inji duk tsatsa a zaure. Kada ki yi saurin cewa tarkace ne. Injunan dā, irin na kamfanin Wadkin na Ingila, zubin ƙarfe ne mai nauyi, ba sa rawa wajen aiki. In ana kula da su, har jikoki sai su gada.

Amma uwargida, tambaye shi kafin ya biya: wace wuta injin yake ci? Yawancin na masana'antu layi uku suke so, gidajenmu kuwa galibi layi ɗaya ne. Kada kuɗin cefane su tafi a banza.

Abin da ya fi damuna shi ne bel da zarto, don da yawansu ba murfi. In bel ya kama bakin gyale, ba ya saki. Ki dage a sa wa ɗakin kwaɗo, makulli a hannunki. Ku kuma 'yan makaranta, mai son koyo ta koya a gaban babanta, amma ta ɗaure kallabi tamau, ta ajiye mayafi da awarwaro.