Wanda Aka Damƙa Wa Aiki, Shi Ake Tambaya

 Idan aka tambaye ku abin da kuke son zama, mun san amsar: likita, injiniya, lauya, matuƙin jirgi. Da wuya wani ya ce manajan aiki. Shi ne mutumin da ake damƙa wa aiki mai farko da ƙarshe, a ba shi lokaci da kuɗi da mutane, a ce ya kai shi gaci. Ginin asibiti, haƙa rijiyoyin burtsatse, ƙirƙirar manhajar waya, duk akwai irinsa a bayansu. Ba shi ke ɗora bulo ba, amma ranar da gini ya tsaya shi ake nema.

Mun ɗanɗani wannan kujera bara, muna aji biyu a jami'a. Ƙungiyar ɗaliban sashenmu ta ɗora mana shugabancin kwamitin mujallar shekara, wadda za a raba ranar walimar 'yan ajin ƙarshe. Mako takwas aka ba mu. Muka ce ai lokaci ya yi yawa.

Mako biyu na farko a kan bangon mujalla suka ƙare: kore za a sa ko shuɗi, hoton wa zai hau. Sai a mako na uku muka leƙa wurin mai ɗab'i, ya ce shi kwana goma yake buƙata, kuma ba zai taɓa inji ba sai an ba shi kafin alƙalami. A hanyar dawowa muka fara lissafi da baya. Ba a bugawa sai an tsara shafuka. Ba a tsara shafuka sai an gyara rubutu. Ba a gyara rubutun da ba a yi ba, ga shi rabin marubutanmu ko layi ɗaya ba su kawo ba. Bangon da muka ɓata mako biyu a kansa kuwa, ana iya yin sa kowane dare ba tare da ya tsare kowa ba.

Wannan abu kowa ya san shi a madafi. Ba a tuƙa tuwo sai ruwa ya tafasa an yi talge, amma ana iya jajjaga kayan miya ruwan yana kan wuta. A kowane aiki akwai jerin abubuwan da ɗaya ke jiran ɗaya, idan guda ya makara da kwana ɗaya, aikin gaba ɗaya ya makara. Sauran kuma suna da sarari. A ƙarshen shekarun 1950 ne ma'aikatan kamfanonin DuPont da Remington Rand a Amurka suka mayar da wannan tunani lissafi, har yau kuma da shi ake tsara manyan ayyuka. Tun kafin su, wajen shekarun 1910, wani injiniya Ba'amurke mai suna Henry Gantt ya yaɗa jadawalin da ake kira da sunansa. Ba kwa buƙatar kwamfuta. Ku buɗe tsakiyar littafin rubutu, ku jera ayyuka a gefen hagu, ranaku a sama, ku ja layi gaban kowane aiki daga ranar farawa zuwa ranar gamawa. Da muka zana namu, sai muka ga ƙarara mun makara da kusan mako guda.

Nan muka yi kuskure na biyu, muka tara mutane. Ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko ba haka ba? Muka cika zauren WhatsApp da sababbin masu taimako. Maimakon gyaran rubutu, sai dare ya riƙa ƙarewa muna yi wa kowa bayanin abin da aka riga aka yanke, wani ma ya sake tayar da maganar kore da shuɗi. Daga baya muka ji cewa Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin kwamfuta a IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara yakan ƙara masa jinkiri. Aikin gayya yana sauri ne domin kowa ya kama kunyarsa ya yi gaba, ba sai an yi masa bayani ba. Gyaran maƙala ɗaya ba ya rabuwa kunya-kunya.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne buɗe baki. Duk lokacin da shugaban ƙungiya ya tambaye mu, sai mu ce "ana nan ana yi, ranka ya daɗe." Ba ƙarya ba ce, amma ba gaskiya ba ce. Muna tsoron a ce mun gaza. Ranar da muka daure muka same shi da jadawalin a hannu, muka ce masa abu uku ne a gabansa: a ɗaga walima, a ƙara kuɗi mai ɗab'i ya yi aikin dare, ko a rage shafuka. Masu wannan sana'a suna cewa lokaci da kuɗi da girman aiki a ɗaure suke da juna, ba ka taɓa ɗaya sauran su zauna lafiya. Walima ba ta ɗaguwa, asusu babu komai. Aka rage shafuka daga 40 zuwa 24. Abin da ya ce kawai shi ne, me ya hana mu faɗa tun makon jiya?

Mu ne muka zaɓi abin da za a cire. Maƙalarmu ta fita, wadda muka kwana uku a kanta. Waƙar wani abokinmu ma ta fita, ya yi mako biyu ko gaisuwarmu ba ya amsawa. Har yanzu muna ganin hukuncin daidai ne, sai dai da mun je mun gaya masa baki da baki, bai tsinci labarin a zaure ba.

Kada ku ɗauka yara kaɗai ke irin wannan. Shahararren gidan wasannin nan na birnin Sidni a Ostareliya an fara gina shi a 1959 tun ba a kammala zane ba. An yi hasashen gamawa a 1963 kan dalar ƙasar miliyan 7. Sai 1973 aka buɗe shi, bayan ya ci miliyan 102.

Ga mai sha'awar bin wannan hanya, ana karanta fannin a matsayin digiri a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da takwararta ta Owerri. Akwai kuma cibiyar PMI da aka kafa a Amurka a 1969, mai ba da shaidar ƙwarewa ta PMP. Ko kana da digiri, ba za su bar ka ka zauna jarrabawar ba sai ka nuna ka yi shekara uku kana jagorantar ayyuka. Su ma sun san ba a aji kaɗai ake koyon abin ba. Don haka idan malami ya nemi wanda zai shirya ranar raba kyaututtuka, ko gasar wasanni ta gidaje, ko tafiyar ƙungiyar muhawara, kada ku sunkuyar da kai. Ku karɓa, ku tambayi ranar da ake so da kuɗin da ke ƙasa, sannan ku nemo wanda kowa zai jira, ku fara da shi.

Mujallarmu ta iso da safiyar ranar walima, tawada ko gama bushewa ba ta yi ba, kuma a shafi na 11 an sa sunan wani a ƙarƙashin hoton wani. Kwamitin bana sun zo aron littafin da muka zana jadawalin a ciki. Mun ba su, muka raka su wurin mai ɗab'i tun a makon farko.